Bindigar Yaro Ba Rigar Sallah Ba Ce

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san rigar da ake ɗinka wa yaro a goman ƙarshe na azumi. Tela ya auna, uba ya ce a ƙara tsawo, uwa ta aiko a saki hannu, ai girma yake yi. Ranar idi yaro ya fito yana share ƙasa da bakin riga, takalmi kuma an cusa masa tsumma a gaba. Babu wanda ya cutu. Baɗi ta yi masa daidai, in ta matse shi ta koma wa ƙanensa. Da wannan lissafin na shiga wani kantin kayan farauta a jihar Wisconsin ta Amurka, shekarar da ɗana ya cika goma, kuma da shi na kusa yin ɓarna.

Maƙwabcina ne ya raka mu, wani dattijo ɗan asalin garin da ya ƙare ƙuruciyarsa a gonar shanun madara, wanda tun yana ɗan shekara goma sha biyu bai taɓa fashin farautar barewa ba. Ni kuwa idona ya faɗa kan wata doguwa mai ƙotar katako tana ta sheƙi, mai cin harsashi .30-06, irin ta manya. Na ce a raina wannan ai har jikoki. Dattijon bai yi mini musu ba. Ya karɓa, ya ja sakatarta baya, ya leƙa ciki, ya zura ɗan yatsa ya tabbatar babu komai, sannan ya miƙa wa yaron, ya ce ya saita wani kan barewa da aka kafe can sama a bango. Yaro ya ɗaga. Nan take ya turo ciki, ya gantsare, ya miƙa wuya kamar zakara zai yi cara, bakin bindiga yana ta lilo a iska. Kafin a ƙirga goma hannunsa na hagu ya soma rawa. "Abba, nauyi," in ji shi. Dattijon ya dube ni ya ce, yadda ka gan shi ɗin nan haka zai tsaya a daji, ga sanyi, ga zuciya tana dukan uku-uku, kuma da harsashi a ciki.

Tun daga ranar na daina tambayar wace bindiga ce ta fi kyau. Abin tambaya shi ne wacce ce ta dace da jikin wannan yaron da hankalinsa a bana. Ta baɗi, Allah ya kai mu.

Kafin a yi nisa, a san inda ake magana. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ba ta yarda a ba wanda bai kai shekara 17 lasisin bindiga ba, kuma ko adaka, wadda wasu ke kira harbi-ka-ruga, tana buƙatar izinin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Yaron gida da danƙo yake farawa, ya koyi jifa da kere, ya bi yayyensa da karnuka lokacin rani bayan an kawar da amfanin gona. Wannan bayani na wanda zama ya kai shi ƙasar da doka ta tsara wa yara hanyar shiga farauta ne, kuma ɗansa ya dawo daga makaranta yana cewa abokansa duk za su daji a watan Nuwamba.

A Amurka ma doka ba ta ce a sakar wa yaro bindiga ba. Dokar tarayya ta 1968 ta hana dillali mai lasisi sayar da doguwar bindiga ga wanda bai kai 18 ba. Kai uba kai ne za ka cike fam mai lamba 4473, a binciki tarihinka, bindiga ta fito da sunanka, alhakinta kuma a wuyanka. Mai takardar ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya saye. Wanda ke kan bizar karatu ko ta ziyara, asalin hukuncinsa hani ne sai ta wasu 'yan ƙofofi, don haka ya nemi lauya kafin ya taɓa ko ta aro. Sauran ƙa'idoji na jiha ne, kuma kowace da nata. New York ce ta fara wajabta kwas ɗin koyar da maharba a 1949, sauran suka biyo baya. A Wisconsin duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1973 sai ya yi kwas ɗin kafin ya yi farauta shi kaɗai. Akwai kuma tsarin farauta a hannun babba, inda yaro ke fita ba tare da takardar kwas ba, amma da sharaɗin babban yana kusa da shi yadda in ya miƙa hannu zai taɓa shi. Da can sai ɗan shekara goma, a 2017 majalisar jihar ta cire iyakar shekarun gaba ɗaya. Ni dai ban ga hikimar hakan ba. Amma tunda doka ta janye hannunta, awon ya dawo kan uba.

To da me za ka auna? Ba da shekaru kaɗai ba. Na ga ɗan tara mai natsuwa, na ga ɗan sha huɗu da ko wuƙar yanka albasa ba zan ba shi ba. Dubi yadda yake da kayan gida. In ka ce masa tsaya, yana tsayawa nan take, ko sai ya ƙarasa abin da yake yi? In ya fasa kofi yana zuwa ya faɗa, ko sai an gano? In ƙanwarsa ta ɓata masa rai, me hannunsa ke fara rarumowa? Yaron da ke ɓoye kuskure shi ne zai ɓoye maka cewa ya manta harsashi a ciki. Sannan ka tabbata shi ke so. Uba da yawa kansa yake saya wa bindigar, yaron hujja ce kawai da za a kai wa uwargida.

Abu na farko da za a gwada kyauta ne, a falo ma ana yi. Kowane mutum yana da idon da ke jagorantar ɗayan, kuma ba dole ne ya zo ɓangare ɗaya da hannun da ya fi ƙarfi ba. Tsaya nesa da yaron kamar taku biyar. Ya miƙe hannuwansa biyu, ya haɗa tafukan ya bar 'yar kafa a tsakani, ya kalli hancinka ta cikin kafar, idanunsa duka a buɗe. Idon da ka hango ta kafar shi ne jagora. A maimaita sau uku. In na hagu ne, to a kafaɗar hagu zai koyi harbi, kuma mai sakatar hagu za a nema masa. Na san yadda muke da hannun hagu, na san irin dukan da bahago ke sha a kan akushi. Cin tuwo daban, saiti daban. Yaron da aka tilasta wa harbi da dama alhali idonsa na hagu ne, za ka ga yana kwantar da kai a kan ƙota yana leƙe, yana ta kuskure, kowa na cewa ba shi da hannu.

Daga nan sai bindigar iska. Ƙananan irin su Red Ryder ta kamfanin Daisy, wadda ke kasuwa tun 1940, ba a farauta da su, amma a kansu ake koyon ladabin riƙo. Kwana nawa zai yi bai juya bakinta wajen mutum ba? Yatsansa yana kwance a gefe ko yana kan kunama? Tabarau na kariya dole ne, domin ƙwayar ƙarfen nan takan daki abu mai tauri ta dawo. Ƙa'idoji huɗu ake karantar da yara a kwas ɗin jihar, kuma a wannan matakin ya kamata su zauna masa kamar karatun allo: kowace bindiga a ɗauka da harsashi a cikinta, bakinta kullum yana kallon inda ko ta tashi ba za ta yi ɓarna ba, a san abin da ake hari da abin da ke gabansa da bayansa, yatsa ba ya shiga wurin kunama sai an yi niyyar harbi. Ɗan Musulmi ba baƙo ba ne a nan. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, ya kuma umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu. Na tarar yaro ya fi riƙe ƙa'idar in ya san ba ta Turawa kaɗai ba ce.

Bindigar gaske ta farko, a ganina, babu wata sai mai cin .22 LR, mai sakata, mai ɗaukar harsashi ɗaya tak. Wannan ɗan harsashi tun 1887 ake yin sa, shi ne mafi araha, ƙararsa da sauƙi, kuma kusan ba ya bugun kafaɗa. Da shi yaro zai yi harbi ɗari a yini ɗaya aljihunka bai koka ba, kafaɗarsa ba ta yi tsami ba. Da shi ake farautar kurege da zomo, kuma a Wisconsin tun tsakiyar Satumba ake buɗe farautar kurege, lokacin da daji bai yi sanyi ba. Amma kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka. A jikin kwalinsa ma akan rubuta gargaɗin cewa yana da haɗari har nisan da ya haura kilomita biyu. Kuregen da ke kan reshe, sararin sama ne a bayansa, kuma abin da ya tafi sama sai ya sauka a wani wuri. A koya wa yaro jiran kurege ya sauko, ko ya zo daidai jikin kututture.

Me ya sa mai harsashi ɗaya? Saboda da zarar ya harba, bindiga ta zama sanda. Yaro in ya sami abin da ya hara, abin da zai fara yi shi ne ya juyo da murna yana cewa Abba ka gani, kuma da bindigar zai juyo. In mai ɗura kanta ce, irin Ruger 10/22 da ta cika gidajen Amurka tun 1964, a wannan lokacin wani harsashin ya riga ya hau, yana jiran yatsa. Bindiga ce mai kyau, amma ta shekarun gaba ce. Ban da haka, wanda ya san guda ɗaya gare shi yakan natsu kafin ya saki.

Ko a cikin masu harsashi ɗayan akwai bambancin da ba a gani sai an riƙa. Crickett, wadda ake ƙerawa a Pennsylvania, bayan an rufe sakata sai an ja wani ɗan maɓalli na baya da yatsu kafin ta ɗanu. Wasu iyaye suna son hakan domin ƙarin mataki ne. Matsalar tana zuwa in an ɗana sannan aka fasa harbi, domin mayar da maɓallin nan a hankali aiki ne da bai kamata a bar wa ƙananan yatsu ba. Savage Rascal kuwa da ɗaga sakata take ɗanuwa, tana da makari a gefe, kuma ana iya fitar da harsashi ba tare da an taɓa kunama ba. Dukansu ba su kai kilo ɗaya da rabi ba. CZ 457 Scout ta fi su nauyi da tsada, amma takan zo da abin da ke mayar da ita mai harsashi ɗaya, in yaro ya ƙware a sa mata gidan harsashi. Ni Rascal na ɗauka, saboda maganar fitar da harsashin nan kawai.

Yanzu ga awo, inda rigar Sallah ta kusa kayar da ni. Abin da ake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin kunama da ƙarshen ƙota, inda ke zama a kafaɗa. A bindigar manya yakan kai inci 13 da rabi. Ta matasa inci 12 zuwa 12 da rabi, ƙananan .22 ɗin nan kuwa tsakanin 11 da 12. Inci ɗaya a baki ba komai ba ne, a kafaɗar ɗan shekara goma kuwa shi ne komai. Tsohuwar dabara ita ce a sa gindin ƙota a lanƙwasar gwiwar hannu a ga ko yatsa ya kai kunama. Tana ba da kusan-kusan, amma ba ta isa ba. Ka sa yaron ya saka rigar sanyin da zai shiga daji da ita, mai kaurin nan, domin a ƙarshen Nuwamba ruwa ma ƙanƙara yake zama a can, kuma kaurin riga yana ƙara wa ƙota tsawo. Ya rufe ido, ya ɗaga bindiga zuwa kafaɗa, ya kwantar da kunci a kan ƙota, sannan ya buɗe ido. In ya ga saiti kai tsaye ba tare da ya motsa kai ba, an dace. In sai ya ɗaga kai ko ya zura wuya, ba a dace ba. Dubi hancinsa: ya kasance akwai kamar faɗin yatsu biyu tsakaninsa da babban yatsan hannun da ke riƙe da wuyan ƙota. Dubi tsayuwarsa: nauyinsa ya ɗan rinjaya gaba, kada ya gantsare. In dole sai an yi kuskure, gara ta gaza da ta yi yawa. Gajeriyar ƙota ana ƙara mata tsawo da faifan roba da ake ɗaurawa a gindi, kuma yawancin bindigogin matasa na yanzu da su ake sayar da su ko ana samunsu daban. Nan ne kaɗai lissafinmu na "girma yake yi" ke da wurin zama.

Sai babbar magana, wato bindigar barewa. Barewar can mai farar wutsiya ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, babban namiji yakan kai nauyin ƙaton mutum. Mafi yawan jihohi sun hana harbinta da .22 LR, kuma da gaskiyarsu, domin raunata ta kawai zai yi ta je ta mutu a wahale. Ana buƙatar harsashi mai ƙarfi, shi kuwa ƙarfi da bugun baya yake zuwa, abin da ni nake kira tunkuyi, don ba shi da maraba da na ragon layya. Wanda aka fi farawa da shi shi ne .243 Winchester, wanda ya fito a 1955. Tunkuyinsa kusan rabin na .30-06 ne, kuma in an sa shi inda ya dace yana kayar da barewa ba gardama. Sama da shi kaɗan akwai 7mm-08 Remington na 1980 da 6.5 Creedmoor na 2007, waɗanda yaro mai jiki zai iya ɗauka kuma ba zai girme su ba har ya tsufa. A jihohi irin su Ohio da Iowa, inda doka ta taƙaita irin harsashin da ake harbin barewa da shi, .350 Legend da aka fitar a 2019 shi ne na yara, shi ma tunkuyinsa da sauƙi. Kamfanoni kamar Hornady suna yin harsashi mai ragaggen albarushi musamman don masu koyo. A nemi irinsa.

Ga wani tarko da ke kama iyaye masu tausayi. Ka ga yaro ƙarami, sai ka nemo masa mafi sauƙin nauyi a kantin. Alhali nauyin bindiga shi ke shanye tunkuyi. Harsashi iri ɗaya, a bindiga mara nauyi ya fi bugu. Don haka a nemi tsaka-tsaki, wajen kilo uku zuwa uku da rabi har da madubi, mai laushin roba a gindi. Nauyin ɗauka kuwa ba matsalarsa ba ce, kai za ka rataya ta har wurin zama, shi kuma a kan gwafa zai ɗora ta ya harba. Kada ka karɓi tsohuwar .30-30 mai kunne a waje da wani abokin arziki zai ba ka aro, ko da ya ce da ita kakansa ya koya. Mayar da kunnen nan bayan an ɗana, da ɗan babban yatsan da sanyi ya kangarar, hanya ce ta tashin bindiga ba shiri.

Dalilin duk wannan taka-tsantsan abu ɗaya ne: zabura. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Yaron da bindiga ta taɓa bugu har ya ji zafi, jikinsa zai riƙa noƙewa kafin ta tashi. Zai runtse ido, ya fizgi kunama, ya tura kafaɗa, duk a cikin ƙiftawa ɗaya, kuma shi kansa bai san yana yi ba. Shigarta minti ɗaya, fitarta sai a yi shekara ana fama. Ɗana ya kamu da ita a mako na biyu da fara harba .243, kuma laifina ne, na bar shi ya yi harbi goma sha biyar a zama ɗaya saboda ina jin daɗin kallo. Dattijon nan ne ya gano. Ya ce yaron ya juya baya, ya ɗura masa da kansa, ashe harsashin roba ya sa, wanda ba ya tashi. Yaro ya saita, ya ja kunama, aka ji ƙyas, sai ga bakin bindiga ya yi sujada, idanunsa a rufe gam. Ya buɗe ido yana jin kunya. Maganin da muka yi shi ne komawa kan .22 har wata guda, da atisayen jan kunama a gida da harsashin roba, babbar kuwa harbi uku ko huɗu kawai a kowace fita.

Rabin zabura daga kunne take zuwa. Ƙarar .22 tana kai wa wajen desibel 140, manyan kuwa sukan haura 155, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. A sa wa yaro toshiyar soso a cikin kunne, a ɗora marufi a kai, domin marufin kaɗai yakan ɗage in ya kwantar da kunci a ƙota. Akwai wani ƙarfe mai huji-huji da ake ɗaurawa a bakin bindiga don rage tunkuyi. Yana ragewa, amma yana ƙara ƙara, kai da ke gefe ma sai ka ji a haƙoranka. Ban ba da shawararsa ga yaro ba.

Madubin saiti kada ya wuce kima. Mai kusanto da abu sau biyu zuwa bakwai, ko uku zuwa tara, ya wadatar, kuma a daji a bar shi a mafi ƙanƙanta, in ba haka ba yaro zai ga gashi cike da madubi bai san ko wane ɓangaren dabba yake kallo ba. Abin lura shi ne tazarar ido da madubi, ta kai inci uku da rabi zuwa huɗu, kuma a ɗaura shi daidai da idon yaron, ba naka ba. In ya matso da ido sosai, tunkuyi zai sa bakin madubi ya sare shi a gira. Maharba da yawa a can suna yawo da wannan ɗan tabo mai kamar jinjirin wata.

Nisan da zai yi harbi kuwa faranti ne zai faɗa. Sami farantin takarda na cin abinci, mai faɗin inci tara, kusan girman wurin huhu da zuciyar barewa ke nan. A kafa shi a yadi 50. Yaro ya zauna yadda zai zauna a daji, da rigar sanyinsa, bindiga a kan gwafa, ba a kan teburin filin atisaye ba. In ya zuba biyar a jere cikin faranti, a matsa zuwa 75, sannan 100. Inda ya fara zubar da ɗaya waje, an wuce iyakarsa, a koma baya. Iyakar ɗana a shekarar farko yadi 70 ce, kuma mun yi alkawari ko wace irin barewa ce ta tsaya bayan haka, kallo ne namu. Ba a fafe gora ranar tafiya: a Wisconsin farautar yara ta kwana biyu a watan Oktoba take, babbar ta kwana tara kuma tana farawa ranar Asabar ɗin da ke gaban bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, don haka atisaye tun watan Yuli ake soma shi. Rigar lemo mai ƙyalli wajibi ce, aƙalla rabin abin da ke sama da ƙugu, kuma tun 2016 jihar ta halatta ruwan hoda mai ƙyalli ga mai so.

Akwai abin da kwas ɗinsu ba zai koya masa ba. Bisimilla ana yin ta ne lokacin sakin harbi, don haka ta shiga cikin atisaye tun a kan faranti: numfashi, bisimilla, sannan matsa kunama a hankali. Tana ma taimaka wa natsuwa. Malaman Malikiyya na baya-baya sun halatta naman da harsashi ya huda, kuma farautar yaro mai wayo ta inganta. In an tarar da dabba da sauran rai, yanka ya wajaba, saboda haka wuƙa mai kaifi tana jikinka kai babba. A tunkari dabbar ta bayanta, kuma kafin a matsa, yaro ya buɗe sakata ya miƙo maka bindiga.

Ajiya na bari a ƙarshe don ita ce ba ta da rangwame. A ƙarshen Afrilun 2013, a gundumar Cumberland ta jihar Kentucky, wani yaro ɗan shekara biyar ya harbe ƙanwarsa 'yar shekara biyu da ƙaramar .22 da aka ba shi kyauta. An jingine ta a lungun ɗaki, mutanen gidan ba su san da sauran harsashi a ciki ba. Mu mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma wannan jingine shi aka yi a lungu ana kallo. A gidana bindigogin suna cikin akwatin ƙarfe mai kulle, sakatunsu a cire, harsasai a wani akwatin daban a wani ɗakin, kuma yaron bai san lambar ko ɗaya ba, duk da yana ce wa ɗaya "tawa". Ofisoshin 'yan sanda da yawa suna raba makullin waya kyauta ƙarƙashin shirin Project ChildSafe, wanda ake zurawa ta cikin bindiga yadda ba za ta rufu ba. In mun dawo daga daji sai na laluba aljihunsa ɗaya bayan ɗaya, domin harsashin .22 bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba, yana iya kwana a aljihu har ya kai makaranta, can kuwa ba wasa ake da irin wannan ba. Sannan a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci, saboda dalmar da ke jikin harsashi. In abokansa sun zo gida, maganar bindiga ba ta tashi, balle nuni.

Bana ɗan nawa yana da sha uku. Ƙotar .243 ɗin an ɗaura mata faifai biyu, iyakarsa ta kai yadi 120, kuma barewa ɗaya ya taɓa kayarwa, mace, a shekararsa ta biyu, bayan ya bar uku sun wuce don sun tsaya nesa. Ƙaramar Rascal ɗin na goge ta na shafa mata mai, da nufin ta koma hannun ƙanwarsa da ta cika goma a watan Maris, kamar dai yadda ake yi da riga. Ran nan na tsayar da ita a falo na ce ta haɗa tafuka ta kalli hancina. Sau uku muna yi, idon hagu nake gani. Na leƙa ta katanga na gaya wa dattijon, ya yi dariya ya ce in shirya, ranar Asabar za mu koma kanti.